Tafkin da Aka Hana wa Rana

Igiyar ta ƙi kwancewa, sai matar ta durƙusa ta sa mata haƙori. Ɗaurin maza ne, an ja an sake ja. Tampol ɗin shuɗi ne sabo fil, an shimfiɗa shi daga wannan bakin tafki zuwa wancan, an danne gefunansa da bulo. A kan rabinsa kafintoci sun gitta katakai sun kafa dandamali, an jera fararen kujeru masu ƙyallaye.

"Uwar Tafki, bar igiyar nan," in ji tsohon da ke kula da famfuna, yana tsaye a bayanta da sifana a hannu. "Jiya fa aka sallamo ki daga asibiti. Ko tafiya ba kya yi daidai."

"Baba, tun yaushe aka rufe shi?"

"Tun washegarin da aka kwantar da ke."

"Wa ya ba da umarni?"

Tsohon ya juyar da sifanar daga wannan hannu zuwa wancan. Ya dubi hasumiyar ruwa, ya dubi takalminsa.

"Oga ƙarami," ya ce.

Oga ƙarami mijinta ne, mataimakin manajan wannan matatar ruwan datti.

Igiyar ta saki. Ta ɗaga gefen tampol ɗin, wani ɗumi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya bugi fuskarta har idanunta suka kawo ruwa. Ta zura hannu ta ɗebo. Baƙi ne, mai yauƙi, kamar abin da ake kwasowa daga kwata. Ranar da ta bar shi kore ne shar, har tsuntsaye na sauka a bakinsa.

Nan ne duk ruwan dattin gari yake gangarowa, na wanka da na wanki da na ban-ɗaki. Abin da ke tace shi laka ce mai rai, cike da ƙananan halittun da ido ba ya gani, masu cinye ƙazanta. Amma lakar sai da iska take rayuwa, shi ya sa ake hura mata da manyan injuna, ranar da wuta ta ɗauke kuma ta fara shaƙewa. Uwar Tafki ce ta zo da dabarar haɗa lakar da gansakuka a wannan dogon tafkin na siminti. Idan rana ta haska, gansakukar ta ba laka iska, laka kuma ta ba gansakuka abinci. Ta sha wuya kafin su saba da juna, sau da yawa ɗaya na cinye ɗaya. Da suka daidaita, har injin wannan tafkin aka kwance aka kai wani wuri. Rana kaɗai yake bukata. Ita ce kuma aka hana shi.

Ta cika ƙaramar kwalba ta nufi ɗakin gwaji, tana dafa bango saboda mararta da ke murɗawa. Ta ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi ta sa a ƙarƙashin madubin ganin ƙananan halittu. A da, idan ta leƙa, kasuwa take gani: masu iyo, masu juyi, masu wutsiya suna ture juna tsakanin koren ɗigo-ɗigo. Yau ta daɗe tana leƙe, tana matsar da gilashin hagu da dama, tana roƙo a zuciyarta ko guda ɗaya ya motsa. Babu abin da ya motsa. Irin shirun da ta gani ke nan a allon na'urar asibiti, lokacin da likita ta daina magana ta ci gaba da goga mata abin a ciki.

Ta sami mijinta a ofis yana gyara wuyan riga a jikin gilashin taga. Ya yi kyau. Wannan ma ya ƙara mata ciwo, don har yanzu idan ta gan shi sai zuciyarta ta yi tsalle kamar ta yarinya.

"Malama, me ya fito da ke?" ya ce. A wurin aiki haka yake kiran ta. "Ba hutu likita ta ba ki ba?"

Ta ajiye kwalbar a kan teburinsa, a tsakiyar fararen takardu.

"Yallaɓai, ga tafkina da ka ce mini yana nan lafiya lau."

Ya ɗauke kwalbar da yatsa biyu ya ajiye a ƙasa.

"Manaja ne ya ce baƙin da za su zo manyan mutane ne, masu ba da tallafi. Ya ce ba za a kawo su su tarar da koren ruwa kamar kududdufin kwaɗi ba. Kuma ana bukatar wurin dandamali."

"Manaja bai san abin da rana take yi a tafkin nan ba. Takarda ya karanta, ta kuɗi. Kai fa?"

"Na ɗauka zai jure."

"Kai ka ɗauka zai jure?"

Ta faɗi haka ne a hankali, don shi ne ya riƙe mata jarka a bayan akori-kura ranar da suka roƙo irin lakar daga matatar wani gari. A aikinsu ba a sayen laka a kasuwa. Idan tafki ya mutu, zuwa ake a roƙo daga wanda nasa ke da rai, a kawo ta da ɗuminta, kamar yadda ake ɗebo wuta a maƙwabta. A wannan tafiyar, lokacin yana ƙaramin injiniya mai takalmi ɗaya, laka ta fallatsa masa har gira, ya yi dariya ya ce shi ne lakar, ita ce gansakuka, in babu ita ba shi da numfashi. Ta yi ta maimaita maganar nan a ranta har aka ɗaura aurensu.

"Ka zo asibiti," ta ce. "Ka ɓare mini lemo, ka riƙe hannuna. Na tambaye ka, ka ce har ya ƙara kore."

"So kike in faɗa miki a kan gado? Ki ƙara wani kukan a kan wanda kike yi?" Ya ja kujera ya zauna. "Ki saurare ni. Manaja ya kusa ritaya. Kujerar nan ba za ta zo wa mai musu ba. Kwana nawa ne, ni ne a sama, ki gina tafki goma in kina so."

"Wannan nake so."

"Ai matsalar ke nan. Kullum wannan, kullum wannan. Kina tsugune a bakin ruwan kashin mutane da ciki a jikinki, safe da yamma. An yi magana, an yi magana. Yanzu ga shi nan, ba cikin, ba tafkin." Ya dube ta ido cikin ido. "Da kin riƙe abin da ke jikinki kamar yadda kika riƙe lakar nan, da yanzu wani zancen muke yi."

Fankar sama ta ci gaba da juyawa. A waje ana gwada lasifika, wani yana hura ta yana ƙirga.

Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki kwalbarta.

"Sa farar rigarki," ya ce, murya ta sauko. "Ki tsaya a layin ma'aikata, ki yi murmushi. In sun tafi ma yi magana a gida."

Baƙin sun iso rana na tsaka. Shugabarsu dattijuwa ce mai tabarau da furfura, tana tafe tana tambayar komai, har da inda bututu kaza ya nufa. Aka zaunar da su a dandamali. Manaja ya miƙe ya fara jawabi a kan tsafta da ci gaba da sababbin injunan da matatar ke bukata.

Tafin hannu ba ya rufe rana, tampol kuwa ba ya rufe wari. Zafi ya dafa abin da ke ƙarƙashi, tampol ɗin ya fara kumbura a tsakiya kamar cikin mataccen jaki. Ta gefen da ta kwance igiya, iskar ta sami ƙofa. Na farko da ya toshe hanci mai ɗaukar hoto ne. Sai na kusa da shi. Wani baƙo ya miƙe ya sauka daga dandamali yana tari a cikin hankici. Manaja ya ƙara ɗaga murya, kamar murya za ta kori wari.

Dattijuwar ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, dakata. Mene ne a ƙarƙashinmu?"

Manaja ya juya ya dubi mataimakinsa. Mataimakin ya miƙe, ya gyara riga, ya karɓi lasifikar da natsuwar da ta sa ta fara son sa.

"Wani ɗan gwaji ne da wata ma'aikaciyarmu ta yi," ya ce. "Mun ba ta dama, mun yi haƙuri da ita, abin bai yi ba. Ya ruɓe, shi ne muka rufe don lafiyar jama'a. Gobe za a cike shi da ƙasa. Wannan ma shi ke nuna muku dalilin da ya sa muke bukatar injuna, ba tatsuniya ba."

Wasu suka yi 'yar dariya. Tsohon mai famfo ya tofar da yawu a gefe.

"Wacece ma'aikaciyar?" in ji dattijuwar.

Ba wanda ya nuna ta, amma layin ya ɗan buɗe, ta sami kanta ita kaɗai a tsaye. Dattijuwar ta sauko ta zo har gabanta, ta dubi fuskarta da ta ɗashe, ta dubi baƙin da ya maƙale a farcenta.

"'Yata, gansakuka da laka kika haɗa?"

"Su ne."

"Na ga an gwada a wurare, bai cika zama ba. Naki ya zauna?"

"Ya zauna. Har injin aka cire."

"To me ya kashe shi? Ruwa ba ya tsami banza."

Ta dubi mijinta. Yana tsaye a kan dandamali, lasifika a hannu, idonsa na roƙon ta da irin kallon da yake mata in ya makara da dawowa gida. Kalma ɗaya ce a bakinta, tampol. Ta ji nauyinta a harshe. Ta haɗiye.

"Ina da irinsa a gida," ta ce. "A kwalba, a tagar kicin. Da ransa. Da shi zan iya tayar da tafkin."

Dattijuwar ta cire tabarau ta goge.

"Muna nan har yamma, za mu zagaya sauran wuraren. Kawo mini in leƙa da idona. In na ga yana motsi, ba mai zuba ƙasa a tafkin nan, kuma zan so in ji yadda mai rai ya mutu." Ta juya ga manaja. "Ko da matsala?"

"Babu, babu," in ji manaja.

Ba wanda ya ce direba ya kai ta. Ta cire farar rigar ta ba tsohon ya riƙe mata. A bakin ƙofar matatar ta waiwaya sau ɗaya. Mijinta ya koma bayan dandamali, ya juya wa mutane baya, waya a kunnensa.

Motar haya ta cika maƙil, kwandasta yana ta cusa mutane yana cewa a matsa, gidan kowa da nisa. Ta sami gefen kujera kusa da wata mai kwandon kaji. Kowane rami motar ta faɗa, sai ta ji shi a mararta. Ta ciro waya ta kira surukarta, wadda ta zo ta zauna musu a gida tun da aka kwantar da ita. Layin na kan magana. Ta sake kira. Har yanzu ana magana. Da ta kira na uku, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.

"Baiwar Allah, wani abu ya mutu a jakarki ne?" in ji wani fasinja yana toshe hanci. Aka yi dariya.

"A hannuna ne," ta ce. Dariyar ta tsaya.

Ta rufe ido ta ga kwalbar tagar kicin. Babba ce, mai faɗin baki, tana zaune a inda hasken safe ke fara sauka. Laka a ƙasa ruwan ƙasa-ƙasa, kore a sama, ƙananan kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya. Kowace safiya takan ɗiga mata ɗan ruwan wanke-wanke, ta juya ta da cokali mai dogon hannu. A watannin cikin nan har magana take mata, tana cewa ku yi haƙuri, kun kusa samun ƙani. Ta san wauta ce. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai shi.

A mararraba motar ta tsaya cak, wata babbar mota ta lalace ta tare hanya. Ta sauka ta ƙarasa da ƙafa, tana bin inuwar shaguna, tana tsayawa tana dafa turakun lantarki.

Tun daga ƙofar gida ta ji warin bilic, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta.

Surukarta na kicin, hannun riga a naɗe, tana goge wurin wanke-wanke. Tsohuwa ce mai tsafta da son a yaba mata. Komai na ƙyalli: tukwane, murhu, tayil. A taga kwalbar na nan a inda take, a cikin hasken rana, an wanke ta tas har ana ganin bishiyar waje ta cikinta. Ruwa bai gama bushewa a jikinta ba. An zuba cokula a ciki.

"Af, 'yar nan, kin dawo? Ke da aka ce ki kwanta." Tsohuwar ta matse tsumma. "Zauna in haɗa miki shayi."

"Inna, abin da ke cikin kwalbar nan fa?"

"Wannan ƙazantar? Na zubar. Ni dama tun da na zo take tsone mini ido, na dai yi shiru ne kada a ce suruka ta cika sa ido. Ɗazu mijinki da kansa ya bugo, ya ce Inna, ki taimake ni ki zubar da abin nan yanzu-yanzu, ki bi shi da bilic, likita ta ce irin waɗannan abubuwan ne ke jawo mata ɓari." Ta girgiza kai cike da tausayi. "Kin ga yaron nan yana son ki. Yana tsakiyar baƙi, amma hankalinsa na kan lafiyarki. Har ya ce in tabbatar ban bar ko ɗigo ba."

"Likita ba ta ce haka ba."

"To shi ya ji da kunnensa. Ke lokacin ina kika san inda kanki yake?"

Ta matsa ta leƙa ramin wurin wanke-wanken. Fari fat. Ta sa yatsa ta shafo bakin ramin, ta duba. Babu komai sai ƙamshin bilic. Ta tsaya tana jin ƙarar ruwan da ke gangarawa cikin bututu, ƙarƙashin tayil, ƙarƙashin titi. Ta san hanyar da zai bi, ta san kowace kwana da kowace mahaɗa, don taswirar na manne a bangon ɗakin gwajinta. Duk abin da aka zuba a gidan nan, matatar yake komawa. Gobe da safe zai isa, daidai lokacin da mota ke juye ƙasar cike tafkin.

Wayarta ta yi ƙara. Shi ne.

"Kin isa gida lafiya?" Muryarsa a tausashe, irin ta da. "Na damu, na ga yadda kike tafiya. Kin sha maganinki na rana?"

Ta dubi kwalbar da ke cike da cokula.

"Kada ki wahalar da kanki ki dawo. Na faɗa wa baƙin jikinki ne ya tashi, kuma kin ɗan rikice tun abin da ya faru. Sun fahimta, har matar ta ce a gaishe ki." Ya rage murya. "Numfashina, kina ji na? Zan taho miki da lemo."

Ta kashe wayar ta ajiye a kan murhu.

Jakar da ta dawo da ita daga asibiti na nan a bakin ƙofar ɗaki, ba a ko buɗe ta ba. Ta rataya ta a kafaɗa. Ta koma kicin ta juye cokulan a kan tebur, suka watse da ƙara. Ta ɗauraye kwalbar da ruwa, ta sake ɗaurayewa, ta shinshina, ta ƙara ɗaurayewa har warin bilic ya fita. Sannan ta rungume ta a ƙirji.

"Ke 'yar nan, shayin fa?" in ji tsohuwar, ta biyo ta har tsakar gida da kofi a hannu. "Ina za ki da jaka da rana tsaka? In ya dawo in ce masa me?"

Ta tsaya a bakin ƙofa, ta gyara riƙon kwalbar.

"Ki ce na tafi roƙon iri, Inna."

"A ina? Gidan wa?"

"Inda nasu ke da rai."

Ta ja ƙofar a hankali, yadda ba za ta yi ƙara ba.